Ranar da Ikilima Ta Kira Ɗan Fari

Ikilima matar Sallau, mai turara shinkafa a Birnin Tudu, mace ce da kunya ta yi wa yawa. Da ta haifi ɗan fari, Mas'udu, ta bi al'ada sau da ƙafa: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane. In ta kama dole, "wancan yaron" take cewa. Uwar mijinta, Inna Rabi, ita ke goyo, ita ke kira.

Yaro ya shekara uku ba magana, ba ya kallon idon kowa. Wuni yake jera marafen kwalba a gindin turmi, a taɓa ɗaya ya yi ta ihu. Mutanen gida kuwa sai yabo, wai ga ladabi, ga sunkuyar da kai, ya gado uwarsa. Mu maƙwabta ma haka muka ce, da yake ba mu rasa ta cewa kan 'ya'yan wasu.

Ikilima kaɗai ke tsoron ɗanta zai girma bai san da kowa ba, kuma ita ce ba ta da bakin faɗi. Wata ranar kasuwa ta fake da kai shinkafa Talata Mafara, ta wuce da shi asibiti. Likitar ta daɗe tana duban yaron, sannan ta ce, "In kin kira sunansa yana waiwayowa?"

"Ɗan fari na hwa, likita. Ban taɓa kira ba."

Likita ta ce alamun sun yi kama da abin da suke kira otizim. Ba iska ba ce, ba kuma kunyar ce ta jawo ba. Allura ba ta maganinsa. Sai dai wanda yaron ya fi yarda da shi ya riƙa durƙusawa daidai fuskarsa, ya kira shi, ya yi ta masa magana. Ikilima ta san ita ce, don a hannunta kaɗai yake cin tuwo.

Washegari tsakar gida cike da masu sayen shinkafa, ta durƙusa gabansa ta ce, "Mas'udu." Inna Rabi ta yi salati ta shige ɗaki. Yaron ko gezau. Ikilima ta sake kira.

Har yau akwai masu ce mata fitsararriya, surukarta ma ba ta gama hucewa ba. Yaron ya girma kaɗan, kalmominsa ba su da yawa. In yana son uwarsa sai ya ja mata zane ya ce, "Mas'udu." Ita kuma ta ce, "Na'am."