Gurbin Kukar Kakana

Babana yana ɗan shekara goma aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, da yaƙi, aka gudu da shi arewa. Sai da furfura ta rufe masa kai, Gobirawa suka dawo suka kafa Sabon Birni, sannan ya sake taka gonar ubansa. Lokacin ina da mata da 'ya'ya uku, duk daga gonar nan muke sa ran tuwo.

Mun tarar wani makiyayi ya zauna gefenta yana noma. Mutumin kirki ne, bai yi musun gonar tamu ce ba, a iyaka muka saɓa. Kowa ya yarda kuka ce iyakar. Baba ya ce kukar ta mutu tuni, gurbinta na can gabas. Makiyayi ya ce ga kuka tsaye, ita ya tarar. Filin da ke tsakanin biyun shi ne mai laima, sauran duk jigawa ce.

Aka kira mai sulhu, wani dattijo da ilminsa duk a rawani ya ƙare. Al'ada ce kafin ya duba, masu jayayya su shafa fatiha a kan sun yarda da duk abin da ya gani. Na ja Baba gefe, na ce kada ya shafa sai mutumin ya yi alkawarin zuwa gurbin da ƙafarsa.

Baba ya ce, "Ɗan malamina na fa. Ƙaƙa za ni gindaya mai sharaɗi?"

Ya ɗaga hannu ya shafa.

Mai sulhu ya zo bisa goɗiya, bai sauka ba. Ƙarangiya ta yi yawa, shi kuwa sabon wando gare shi. Baba ya yi ta bayani cewa kuka in ta mutu ba ta barin kututture, ruɓewa take ta zube, ta bar ɗan kwari. Gogan ya kare goshi da hannu, ya hanga, ya ce ciyawa kawai ya gani. Sai ya nuna tsayayyar kukar da bulala, 'yar siririya da nake iya rungumewa, ya ce ita ce iyaka. Kafin hantsi ya koma gida, wandonsa fes.

Muka taka har garin Isa muka kai kuka gaban alƙali. Ya saurare mu yana jan carbi, sannan ya tambayi Baba ko mai sulhu ya ci hanci. A'a. Ko ya saɓa wa shari'a? Baba ya ce bai sani ba. An shafa fatiha? An shafa.

Alƙali ya ce, "To, dattijo, abin da idonai yag gani ba ni sake ganinai daga nan."

Raina ya ɓaci, na ce, "Allah shi gafarta malam, ai bai gani ba! Ko sauka bai yi ba!"

Ya ce, "Ku kunka zaɓi idon, ba ni ba."

Ke nan da makaho muka zaɓa ma, shari'a ta gamsu.

Da damina makiyayi ya shuka gero a filin. A daidai gurbin nan, inda ruɓaɓɓiyar kuka ta zama taki, gero ya tashi baƙi wuluk, kewayayye kamar faifai, ya fi na gefensa tsawo nesa. Duk mai wucewa ya gani. Mai sulhu ma ya wuce bisa goɗiyarsa, ya ce, "Masha Allah, wurin ga da albarka!"

Baba ya tsaya bakin sabuwar iyaka ya daɗe yana kallo. Ya ce mini, "Ga ta nan. Ƙarƙashinta innata ka dama min fura."

Jigawarmu ba ta ba mu abin kirki ba a shekarar. Da kaka makiyayi ya zo har ƙofar gida da dami biyu na geron gurbin, zakkarsa ce, ya ga mu ne mabukata mafi kusa. Na so in mayar masa, amma yara na jin yunwa. Baba ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya yi masa godiya.