Jaririn da Ya Yi Magana da Yatsun Ƙafa

A daminar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, maza a zauren gidanmu na Ƙofar Guga ba su da zance sai na zaɓe. Mu a cikin gida damuwarmu daban ce. Rabi, matar ƙanen babana, ta haifi ɗanta na fari, Nura, kuma tun kafin ya yi ƙwari nafkin da wandon roba suka cinye masa mazaunai. Fatar ta yi jajir, har ta fara tsagewa. A asibiti aka ba ta man shafawa, aka ce ta bar shi ya sha iska. Da ta bar shi, sai ya ɓata katifa, ya ɓata zannuwanta, ga ruwan sama ya hana shanya bushewa. Rabi marainiya ce, ba ta taso gaban uwa ba, kuma kunya ta hana ta tambaya. Sau da yawa nakan same ta a bakin rijiya tana wanki tana share hawaye da gefen hannu.

Kakarmu, wadda kowa ke kira Iya, ba ta yi mata faɗa ba. Bayan an ci tuwo mukan taru a rumfar girki, mu kewaye sauran garwashin murhu, Iya na juya mana masara. Wani maraice ta ɗaga murya ta ce, "Rabi, kawo mini angona nan, hayaƙi ya lafa." Rabi ta zauna can gefe da yaron. Iya ta ce mu buɗe kunnuwa, ga wata tatsuniya ta taho.

Wai a wani gari rijiya ta ƙafe. Wata mai jego ta tafi neman ruwan wanki, sai ta tarar da tsohuwa zaune a bakin rijiyar. Tsohuwar ta miƙa mata farin zane, ta ce ta goya ɗanta da shi har kasuwa ta zagayo. In ta dawo da shi fari tas, ruwa zai dawo. In ya ɓaci, garin ya tashi. Matar ta tafi tana kuka, don ɗanta ba ya sallama kafin ya yi abinsa. Ta tambayi akuya yadda take sanin bukatar ɗanta, akuya ta ce a kunnensa take gani. Ta tambayi kyanwa, kyanwa ta ce a wutsiya.

Iya ta maƙale murya irin ta matar: "To ni nawa ba shi da wutsiya!" Sannan ta lumshe ido kamar kyanwa: "Ke dai ba ki duba ba. Kowane ɗa da inda yake magana."

Matar ta koma gida ta ajiye tsintsiya da tukunya, ta zauna tana kallon ɗanta kawai. Can ta ga ya yi tsit, ya murtuke fuska, ya dunƙule yatsun ƙafa. Ta yi wuf ta ɗora shi kan ƙafafunta, ta ce "tsss", ya yi a ƙasa. Ranar kasuwa ta mayar da zane fari tas, rijiya ta cika har tana ambaliya. Iya ta ce ta ƙare, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara da masara. Muka yi dariya. Rabi ba ta yi ba, yatsun Nura take kallo.

Da safe na ga su biyun a tsakar gida. Iya ta miƙe ƙafafu, ta ɗan ware su, ta sa tsohuwar tasa mai toka a ƙarƙashi. Ta zaunar da Nura a kan ƙwaurinta yana fuskantarta, ta tallafe masa baya da wuya.

"Da ya tashi barci, da ya gama shan nono, nan za ki kawo shi," in ji Iya. "Kada ki matsa mashi. In bai yi ba, a ɗaga."

"Iya, in na kasa ganewa fa?"

"Sai ki wanke, ki sake dubawa. Ni ubanshi ya jiƙa ni ya fi a ƙirga."

Ba a yi nasara nan take ba. Nura ya tsula wa Iya a cinya, ta ce ango ya biya sadaki. Ya yi wa Rabi a baya ana tsakiyar tuƙin tuwo. Amma wanki ya fara raguwa, gyambon ya bushe, kukan ya lafa.

Ranar zaɓe Rabi ta ɗaura atamfarta ta lefe, ta goya Nura ba nafkin, ta bi matan unguwa zuwa makarantar firamare. Karon farko ke nan da za ta jefa ƙuri'a. Layin ya yi tsawo. Ta ba mu labari cewa tana tsaye ta ji ƙafafunsa sun ƙage a kwiɓinta, sai ta ce wa ta bayanta ta riƙe mata wuri, ta zaga bayan aji, ta sauke shi, ta ce "tsss". Da ta dawo gida ko sallama ba ta gama ba ta kwance goyon, ta juya wa Iya baya.

"Iya, taɓa ki ji!"

Iya ta shafa zanen, ta ji shi a bushe ƙayau. Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da ta sa mazan zaure suka leƙo, suna zaton wani sakamako aka faɗa a rediyo.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin dabarar rage wanki. Sai da na haifi 'yata Zainab, lokacin Iya ta daɗe da rasuwa, na gane abin ya wuce haka. Na yi ta gadin yatsun ƙafar Zainab, ba su taɓa motsawa ba, ta yi ta jiƙa ni. Ashe ita sakin nono take yi, ta ƙura mini ido kamar mai jiran amsa. Tun ranar haihuwarta take gaya mini, ni ce nake sauraron yaren wani ɗan. Yanzu ta girma, ta zama mace mai zurfin ciki, kuma har yau in ta shigo ɗakina ta zauna ta yi shiru tana kallona, nakan ajiye abin da ke hannuna.