Luguden Inna a cikin piyano

Yayana ya bar Agadas ina 'yar lakwal, wato 'yar makarantar boko. Ya tafi Yamai karatu, daga can ya wuce ƙasar Turawa, kuma abin da ya riƙe shi a can bai taɓa shiga kan kowa a gidanmu ba, wato kiɗan piyano. Ya yi shekara da shekaru bai zo gida ba. Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma tambayar lafiyarsa da bakinta. In ya kira waya sai ta tsiri aiki a madafa, amma ta bar ƙofa a buɗe. Ni ce mai kai saƙo tsakaninsu, kuma na gaji da wannan aiki tun kafin in san nauyinsa.

Wata rana ya aiko mini da faifansa na farko ta waya. Ya ce jaz sunan kiɗan, kuma duk abin da ke ciki ya gina shi ne a kan luguden Inna, yadda take buga taɓarya a turmi tana tafi a tsakani lokacin da muna yara. Ya ce in sa mata ta ji, kar in gaya mata komai sai ta gane da kanta.

"In ba ta gane ba," in ji shi yana dariya, "wallahi in taho bana, in zamna gaban turmi in gwada mata da hannuna."

Na riƙe wannan magana da kyau, domin ita ce karo na farko da ya ambaci zuwa gida ba tare da an roƙe shi ba.

Da la'asar na ari lasifika wajen maƙwabta na ajiye a tsakar gida. Mijina direban babbar mota ne, ranar yana gari. Akwai kuma tsohon maƙerin azurfa da muke katanga ɗaya da shi, wanda ke shigowa shan shayi ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Inna tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Na danna.

Ni kaina na ji kunya. Kiɗan zai kama hanya kamar zai tafi, sai ya tsaya inda ba wurin tsayawa ba, hannu ɗaya na gudu ɗayan na jan ƙafa, mai ganga kuma yana can yana nasa sha'ani. Mijina ya saurara kaɗan ya ce, "Wanga ai motar da mai ke yanke mata ce a kan hanyar Dabaga." Ya tambaya ko wayar ce ta lalace. Na harare shi, alhali abin da ke raina ke nan.

Tsohon maƙeri bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin shayinsa yana ɗan buga yatsa a gwiwa, ya ɓata, ya sake kamawa, ya sake ɓata. Can ya ce, "Yaron ga ya san abin da yake yi. Bakwai yake ƙidayawa, ya hana mu ta takwas. Amma mi ya sa mutum zai wahal da jama'a haka?" Ya tashi ya tafi salla.

Idona yana kan Inna. A unguwarmu an san ta da tafi. In ana biki, mata hannunta suke kallo kafin su ɗaga nasu, kuma a wurinta kiɗan da ba a iya tafa masa ba surutu ne kawai. Na ga ta ture faifan shinkafa gefe, ta ɗaga tafukanta, tana jiran wurin shiga. Ta tafa, tafin ya faɗi a fili, ba kiɗa a ƙarƙashinsa. Ta sake, ya makara. Sau uku ta gwada, sannan ta goge hannu a zane ta jawo shinkafarta.

"Na wane ne?" ta tambaya, kamar ba ta sani ba.

"Na Yaya ne, Inna."

"To. Allah shi ba da sa'a."

Da na yi shiru a nan, da komai ya zo da sauƙi. Amma ni mai saurin baki ce, kuma na ji haushin yadda ta share abin. Na gaya mata cewa lugudenta ne ya mayar kiɗa, ita ce a ciki daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ganin fuskarta ta faɗi haka ba. Ta ɗauki shinkafarta ta shige madafa.

Kwana da kwanaki bayan haka, in na dawo kasuwa da azahar, sai in tarar ta sa jikarta ta kunna mata, ta kori kowa, tana zaune gaban tsohon turminmu da ba a daka a ciki tun da injin niƙa ya zo unguwa. Ba ta ɗaga taɓarya, kafaɗarta ba ta yarda. Tafi kawai take yi a hankali tana neman kanta a cikin kiɗan. Wata rana na tsaya a zaure ina kallonta har ƙwalla ta zo mini. Ta gan ni, ta ce ko dai kunnenta ne ya tsufa, ko kuma shi ne ya manta yadda take daka. Ban san wanne ya fi ci mata rai ba.

Na zauna kusa da ita na faɗa mata alkawarin da Yaya ya yi, cewa in ba ta gane ba zai zo bana. Murna nake, ina ganin na kawo mata abin da ta fi so a duniya. Abin da ake bukata kawai in ce masa ba ta gane ba, kuma gaskiya ce.

Ta daɗe tana kallon turmin. Sai ta ce, "Ki ce mishi na gane."

"Inna, in na ce haka ba ya tahowa."

"Shi yi aiki da sunana gaban mutane, a ce uwarshi ba ta gane ba? Sannan in jawo shi gida da ƙorafi, kamar ni na aika kiranshi? Ki ce mishi na gane, na yi guɗa."

Na yi gardama da ita, na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Na ce wannan kunyar ɗan fari ta ishe mu haka, mutum ba ya kiran ɗansa har ya tsufa. Ta ce in dai ita ta haife ni, in faɗi abin da ta ce. Har yau ina jin haushinta a kan wannan, ina kuma jin haushin kaina fiye da nata, domin wayar a hannuna take, ba a nata ba.

Na kira shi na ce ta gane, ta yi guɗa. Ya yi ihun murna. Inna tana madafa, ƙofa a buɗe. Ya ce to alhamdu lillahi, tunda haka ne zai karɓi wasannin da aka gayyace shi bana, baɗi sai ya zo da natsuwa ya daɗe.

Inna ta rasu da bazara, ciwon kwana huɗu. An yi jana'izarta da safe, shi kuwa ya iso bayan addu'ar uku, ya sha hanya daga Yamai a motar haya, ya rame, furfura a gemunsa da ban san da ita ba. Ya gaisa da masu ta'aziyya a ƙofar gida, sannan ya shigo ya zauna a ɗakinta, bai yi kuka ba. Ya ce abu ɗaya ne ke sanyaya masa rai, ta ji aikinsa kafin ta tafi, ta san bai manta da ita ba.

Sai ya juyo ya tambaye ni a daidai ina ne ta fara gane kanta a cikin kiɗan. Yana murmushi, karo na farko tun saukarsa, yana jiran amsa.

Na ce masa tun daga farko.