Ranar da Baba Ya Iske Ni Ina Wankin Mota

A shekarata ta biyu a kwaleji, inda nake karatun kiwon lafiyar dabbobi, aka ce kowa ya nemi wurin da zai yi aikin sanin makamar aiki. Na samu wani shagon magungunan dabbobi a Kankia. Mai shagon, wanda kowa ke kira Likita, ya gaya mani tun ranar farko cewa ba albashi, koyo kawai. Na amince.

Damina ce, lokacin noman farko. Da na koma ƙauyenmu kusa da Dudunni na faɗa wa Baba, na ɗauka zai hana, don ni ne babban ɗansa, gonar geron kuma ta yi masa yawa. Sai ya ce, "Tafi abinka. Ciyawa ba ta fi ƙarfina ba tukuna." Inna ta ɗaura mani garin tuwo da kuka da daddawa.

Abin da na tarar daban. Shara da safe, goge kwalabe, ɗauko 'ya'yan Likita daga makaranta, sayo masa fura. In an kira shi duba saniya a ruga, sai ya ce in tsare shago. Ko sirinji bai taɓa miƙo mani ba. Duk sa'ad da Baba ya bugo waya, sai in ce lafiya lau, ana ta koyo.

Wata ranar kasuwa ina bakin shago, na naɗe wando zuwa gwiwa, ina wanke motar Likita, sai na ji sallama a bayana. Baba ne, tare da wani maƙwabcinmu Bafulatani wanda maraƙinsa ya daina cin abinci. Tun daga gida, ashe, Baba yake ba shi labarin ɗansa mai aikin likitan dabbobi.

Na miƙe da soso a hannu, kumfa na ɗiga a ƙafata. Na durƙusa na gaishe su, ban iya ɗaga kai ba. Abin da idona ya faɗa a kai shi ne hannun Baba, duk kanta ta fartanya, yatsa ɗaya a ɗaure da tsumma.

Bafulatanin ya kau da kai, ya hau kallon awakin da ake wucewa da su.

Baba ya wuce ta gabana. Ya shiga shagon, suka gaisa da Likita, ina jin su ta taga.

"Likita, yaron nan na bar maka shi gona na neman shi. Ban ce a ba shi ko sisi ba. Amma don Allah in za ka duba maraƙin nan, ka tafi da shi, ya ga yadda ake yi."

Likita ya yi ɗan tari ya ce ai dama yana da niyya.

Da la'asar muka je rugar Bafulatanin. Ni na riƙe kan maraƙin, daga baya aka bar ni na ɗura masa maganin tsutsa. Bayan haka Likita ya riƙa fita da ni wani lokaci, wani lokacin kuma ya manta. Wankin mota dai bai tsaya ba.

A shekarar, rabin gonarmu ta gabas ciyawa ta cinye. Da kaka na koma gida muka yanke abin da ya samu, ni da Baba da ƙannena, ba wanda ya tayar da maganar Kankia.