Fitilar Nofriu

A layin maƙeran azurfa na garinmu, nan Sisiliya, babu wanda bai san Nofriu Bonafedi ba, kuma babu wanda ya taɓa ce masa Mastru, wato maƙeri mai hatimin kansa, sai da ya kai shekara hamsin da tara. Ni Gaspanu na sami wannan suna ina ɗan ashirin da biyu, don ubana Mastru ne. Hannuna kuwa, in faɗi gaskiya, cokali ma sai ya ga dama yake miƙe mini. Shi Nofriu ɗan masunci ne. Ya shigo layin yana ƙarnin kifi, kafin shekara goma ya fi mu duka, mu kuma ba mu taɓa yafe masa wannan laifi ba.

Duk rigimar rayuwarsa a kan hatimi ce, wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, da haruffa biyu a bakinsa. Kowane faranti, kowace buta da ta fita daga shago, da hatimin mai shagon take fita, ko waye ya ƙone yatsunsa a kanta. Ƙungiyarmu ta maƙera kuma mutum iri uku take ba hatimi: ɗan Mastru, ko mijin 'yarsa, ko wanda ya auri matarsa bayan ya mutu. Kakanninmu ne suka tsara haka, wai don kare martabar sana'a. Martabar irina suke nufi.

Maigidansa shi ne Mastru Kosimu, mai ƙaton tumbi da daɗin baki, wanda sunansa ya kai har Napoli. Shekara talatin ban ga Kosimu ya riƙe magagari ba. Ranar Talata da Juma'a yakan sauko daga bene, ya juya kayan da Nofriu ya gama, ya taɓe baki, ya ɗora hatimi, ya buga ƙwas, ya koma sama cin taliya da kifi. In manyan gari suka zo yabon aikin, sai ya dafa ƙirji ya ce, “Baiwa ce, ranka ya daɗe, ni kaina ban san yadda hannun nan yake yi ba.” Nan kam bai yi ƙarya ba. Nofriu yana can ƙurya a bakin zuga-zugi, kunnuwansa sun yi ja.

Kosimu ba shi da ɗa namiji, 'ya ɗaya gare shi. Da ta isa aure Nofriu ya sayi sabuwar hula, ya fara wanke wuya. Yarinyar ta dube shi sau biyu, ta ce ita Allah ya kira ta, ta shiga gidan sistoci, matan coci da ba sa aure. Hanya ɗaya ta rage masa, kuma duk layin ya san ta.

Tun daga nan ba a taɓa ganin bara mai damuwa da lafiyar ubangidansa kamar Nofriu ba. Kosimu ya yi tari a sama, guduma ta tsaya a ƙasa. Kullum da safe sai ya tare Donna Ninfa, matar maigidan, a bakin matakala.

“Donna, yaya jikin maigida? Na ji kamar tarin ya sauka ƙirji.”

“Garau yake, Nofriu. Ƙwai huɗu ya ci. In gaya masa kana gaisuwa?”

“A gaya masa,” in ji shi, da murya kamar an taka masa ƙafa.

Da rana in mun fito cin burodi da zaitun a bakin shaguna, mukan sa shi gaba, muna ce masa kumpari, wato aboki. “Kumpari, ina angon gobe? An ce likita ya shiga gidanku.” Sai ya tofar da ƙwallon zaitun ya ce, “Likitan ne ba shi da lafiya, ya zo maigida ya ba shi shawara.” Sau biyu fada, limamin cocinmu, yana zuwa ya shafa wa Kosimu man ban kwana, sau biyu tsohon yana tashi ya nemi abinci. Mun yi dariya shekara da shekaru, ba mu lura gashin Nofriu ya yi fari ba, ga bayansa ya lanƙwashe kamar hannun buta.

Kosimu ya mutu yana da tamanin da shida, a kan tebur, da cokali a hannu. Bisa al'ada muka ɗora hatiminsa a kan uwar maƙera gaban gawa muka fasa. Bayan Donna Ninfa ta fita makoki Nofriu ya hau bene, karo na farko a shekara arba'in da biyu. Ita lokacin tana da sittin da takwas, haƙoranta uku, harshenta kuwa ko ɗaya bai tsufa ba. Ita ce ta ba da labarin a bakin rijiya, don haka babu abin da ya ɓuya.

“Zauna kada ka faɗi,” ta ce masa. “Ni kake so ko ƙarfen?”

Ya murza hularsa, ya dubi ƙasa. “Ƙarfen, Donna.”

“Madalla. Da ka ce ni, da ka sha ruwan wanke-wanke. To ji nan, ba na son munshari, ba na cin wake ranar Lahadi, kuma kujerar marigayi ba taka ba ce.”

Aka ɗaura aure. Amma ƙungiya ta ce sai ya yi aikin gwaji kamar kowa, a ɗakin da za mu kulle, don kada wani ya taimaka masa. Ina cikin dattawa biyar da suka yanke wannan hukunci, kuma na ɗaure fuska sosai, ni ɗin da Nofriu ya taɓa gyara mini hannun butar gwajina ta taga shekara talatin da bakwai da suka wuce. A cikin mu biyar ɗin, mutum ɗaya ne kawai bai taɓa lallaɓawa wurinsa da ɓataccen aiki a ƙarƙashin riga ba, shi ma don ya riga ya makance.

Muka ce ya yi fitilar ratayawa ta coci. Wata goma sha ɗaya ya yi a kanta. Ranar da ya yaye mayafin, muka matso muka zuba ido. Kowa ya saba da ganyen inabi da fuka-fukan mala'iku, shi kuwa teku ya buga. Ga igiyar ruwa ta zagaye cikin fitilar, ga taru da kowane ƙulli a wurinsa, ga kifaye suna kutsawa, in ka kunna wuta sai ka rantse motsi suke yi. Na ji hassada, kuma na ji kunya, ban ɓoye wa kaina ba. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, “Wannan coci za a kai ta ko kasuwar kifi?” Muka yi kwana uku muna neman aibu, ba mu samu ba, muka ba shi hatiminsa rai a ɓace.

Ya ɗora shi a can gindin fitilar, ya buga. Sannan ya fita ya bi layin daga sama har ƙasa sau uku, ba abin da zai saya, don kawai a ce masa Mastru. Har a gaban kare ya tsaya, ko shi ma zai faɗa.

Aka rataye fitilar a cocin unguwarmu, kamar yadda ake yi da aikin gwaji. Ba a yi wata biyu ba yaƙi ya taso. Masu hali suka binne azurfarsu a lambu, ba mai sa a yi masa ko cokalin gishiri. Shekara uku aikinmu bai wuce liƙe hannun kofi da miƙe haƙoran cokali mai yatsu ba, gyara kuwa ba a buga masa hatimi. Saboda haka duk duniya abu ɗaya ne ke ɗauke da sunan Nofriu. Mutumin da a da sai an ja shi coci, ya zama kullum shi ne na farko. Fada har ya yabe shi a wa'azi. Mu mun san ba gaban bagadi yake durƙusawa ba, ƙarƙashin fitilarsa yake tsayawa, wuya a sama, baki buɗe.

Sai sarki ya aiko a tattara azurfar coci-coci a narka, a buga kuɗin biyan soja. Bishop ya roƙa, ya yi kuka, aka yi masa alfarma ɗaya: duk abin da ya fito daga hannun shahararren Mastru Kosimu a bar shi, sauran a kai wuta. Wata ranar Laraba da hantsi aka zube kayan a farfajiyar coci, aka kira mu dattawan layi mu tantance. Jami'in sarki wani siririn mutum ne daga Napoli, yana toshe hanci da hankici kamar garinmu masai ne. Kusa da shi ga wani ƙato da guduma, yana daddaƙe abin da aka yanke wa hukunci don ya shiga buhu.

Kaya goma sha biyu muka ware masu hatimin Kosimu. Kowane aka ɗaga sai jami'in ya sumbaci yatsunsa ya ce, “Kai, wannan mutum, Allah ya yi hannu!” Nofriu yana tsaye a gefena, yana kallon aikinsa na shekara arba'in ana tsirar da shi da sunan wani. Ya saba.

Aka sauko da fitilar. Jami'in ya cire hankicin daga hancinsa, ya zagaya ta, ya shafa tarun da farce.

“Wannan ba sai an duba ba,” ya ce. “Ita ce uwarsu duka. Makaho ma ya san hannun Kosimu ne. A kai ta can.”

Ni ne nake riƙe da ita. Hayaƙin shekara uku ya dusashe gindin, na kuwa ɗora babban yatsana daidai kan haruffan. Sauran dattawa suka ga abin da na yi, kowa ya ɗaga kai yana kallon tattabaru. Fada ya runtse ido yana motsa leɓe. Sau ɗaya a rayuwarmu muka haɗu a kan yi wa Nofriu alheri, kuma ba mu nemi komai wurinsa ba sai abin da ya fi kowa iyawa, wato ya yi shiru.

“Ba ta Kosimu ba ce,” in ji Nofriu.

Na take masa ƙafa. Na ce ƙasa-ƙasa, “Kumpari, don Allah rufe bakinka. Numfashi biyu kawai, ta tsira.”

“Ɗaga yatsanka, Gaspanu.”

“Haba Nofriu, kana hauka ne? Narka ta za su yi!”

“Na ce ɗaga yatsanka.” Ya fizge fitilar, ya tofa yawu a gindinta, ya goge da hannun riga, ya kai ta har hancin jami'in. “Karanta, ranka ya daɗe. Kai mai ilimi ne.”

Jami'in ya ƙanƙance ido. “N da B. Wane ne wannan kuma?”

“Mastru Nofriu Bonafedi. Ni ne. Ni na yi ta.”

Ya faɗe shi da ƙarfi, har matan da ke leƙe ta kan katanga suka ji. Jami'in ya sake duban fitilar, sai ga fuskarsa ta canja, kamar wanda ya yabi miya aka ce masa ta jiya ce. “Af, shi ya sa,” ya ce. “Dama na ga kifayen sun yi yawa.” Ya mayar da hankicinsa, ya yi wa ƙaton nuni.

Bugu huɗu ta ɗauka. Ni da na yi shekara arba'in ina yi wa mutumin nan dariya, na juya baya na kasa kallo, hawaye na zuba cikin gemuna. Shi bai kau da kai ba. Har yau in na tuna ina jin haushinsa, don fitila irin wannan ba tasa ba ce shi kaɗai da zai yi mana asararta, kuma ina jin haushin kaina da na san dalilinsa sarai.

Na raka shi gida don ina tsoron kada ya faɗi a hanya. Labari ya riga mu isa. Donna Ninfa tana tsaye a saman matakala, hannu a ƙugu, na ce yau kam sai buzunsa.

“Tsohon banza,” ta ce. “An ce da ka yi shiru da tana nan.”

“Da tana nan, Donna.”

“Ka kashe ta da bakinka ke nan.”

“Na kashe ta. Amma da sunana ta mutu.”

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ciki, muka ji ƙarar jan kujerar marigayi mai nauyi a kan daɓe.

“To hau ka ci abinci, Mastru,” ta ce, “kafin ya huce.”