Akwatin Faifan Kawu

Akwai wani wari da ban taɓa jin wani ya yaba ba, warin ƙura mai ɗumi da ke fitowa daga bayan kwamfuta idan ta daɗe a kunne. Jiya a wurin aiki na sunkuya ƙarƙashin tebur, fankar ta huro mini shi a fuska, sai na tsinci kaina a garinmu Mai Wurno, ina yarinya, babu takalmi a ƙafata, riƙe da hannun kakata a bakin ƙofar ɗakin kawuna.

Bari in kwatanta maka gidan. Gidan kakata ne ta wajen uwa, ginin ƙasa, da rumfar kara a tsakar gida wadda muke kira rakuba. A ƙarƙashinta akwai randa mai raɓa da gadon igiya, kuma a nan Kaka take wuni. Idan iska ta juyo daga wajen kogi, sai ka ji ƙamshin laka da ciyawa ya gauraya da hayaƙin gahawar da ake soyawa a maƙwabta. A lokacin cutar yanar ido ta rufe idon Kaka, haske kawai take iya bambancewa da duhu. Ni ce idonta. Ni nake kai ta gaisuwa, ni nake gaya mata wane ne ya shigo, da ko gajimaren da ya taso daga gabas na ruwa ne ko na wucewa.

Kawu shi ne autanta. Ya yi shekaru a Hasahisa yana ɗaukar bidiyon bukukuwa a wani shago. Da shagon ya rufe, mai shi ya bar masa wani akwatin ƙarfe baƙi, mai aljihuna a jere, kowane aljihu da faifan ajiya a ciki. Kawu da abokansa hardat suke ce musu, mu kuwa faifai muke cewa. Duk bukukuwan da suka taɓa ɗauka suna ciki. Kawu ya kawo akwatin gida ya ajiye kusa da babbar kwamfutarsa, wadda yake kira serfa, wadda yake tara karatu da hotunan dangi a cikinta.

Da ba a damu da akwatin ba, ba don wata magana da ta fita bakinsa wata rana muna shan shayi ba. Ya ce a ciki akwai bikin ƙanwar mahaifiyata, kuma yana tuna ya ɗauki kakanmu a ranar yana magana. Kakan nan nawa ya rasu tun ina goye. Babu kaset ɗin muryarsa, hotonsa ma guda ne, ya koɗe.

Kaka ta ajiye kofi. Ta juyar da fuska wajen da take jin numfashin Kawu.

"Auta, muryatai na ciki?"

"Tana ciki, Inna, in Allah Ya sa faifan ba su lalace ba."

"To buɗe mu ji."

Kawu ya yi dariya, ya ce ba haka ake buɗewa ba. Akwatin ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da serfa ta wata igiya mai kauri. A cikin serfa kuma akwai wani kati da ke kula da faifai, amma katin nasa bakinsa na ciki ne kawai, ba shi da ƙofar da igiya za ta shigo daga waje. Dole sai an samo wani katin. Faifan kuma ba a cire ɗaya a karanta shi daban, don an rarraba kowane bidiyo a kansu gaba ɗaya. Kaka ta saurara har ya gama, ta ce, "Duk ban gane ba. Yaushe dai?"

Damina ce. Kawu ya hau ƙaramar mota zuwa Sennar, ya dawo da igiya, aka tarar bakinta ya fi na akwatin faɗi. Ya aika wa wani abokinsa a babban birni saƙo ya nemo masa katin da wata igiyar. Ruwa ya yi ta sauka, hanya ta zama taɓo, motoci suka rage zuwa. Ban san tsawon lokacin da muka yi jira ba. Abin da nake tunawa shi ne dawa ta yi tsayi har ta fi ni, kwaɗi suna kuka a kududdufin bayan gida, kuma kowace safiya bayan na zuba wa Kaka ruwan alwala sai ta ce, "Ƙawata, leƙa ki gani ko abin Auta ya iso."

A cikin jiran nan ne ta fara ba ni labarin kakan nawa. Ta ce mutum ne mai ƙaramar murya, idan yana kiran awaki sai ka zaci roƙonsu yake. Ta ce lokacin girbi sukan tafi tsinkar auduga wajen Wad Haddad, su kwana a bukka a gefen magudanar ruwa, shi yana rera waƙoƙin da iyayensa suka zo da su daga ƙasar Hausa, can yamma. Wata rana tana cikin labarin ta tsaya, ta damƙe hannuna. Ta ce tana iya tuna abin da yake faɗa, amma sautin ya fara ɓace mata, idan ta nemo shi a ranta sai ta ji muryar ƙaninsa. Na bar hannuna a nata.

Katin ya iso tare da sabuwar igiya a cikin kwalin sabulu, wani direba ne ya kawo. Washegari da hantsi aka kawo wuta. Kawu ya shimfiɗa tabarma, ya kwantar da serfa, ya kwance murfinta, ya hure ƙurar. Ya taɓa ƙarfen taga kafin ya ɗauki katin, don kada lantarkin jikinsa ya lalata shi, ya danna shi a raminsa a hankali har ya zauna. Sabuwar igiyar ta shiga bayan serfa da ɗan sauti, ƙas, ɗaya bakin kuma ya shiga bayan akwatin. Na kawo Kaka na zaunar da ita a kujera kusa da ƙofa.

Ya kunna. Serfa ta tashi, ba ta ga faifai ko ɗaya ba.

Na ga gumi a wuyan Kawu. Ya kashe, ya zare igiyar, ya duba bakinta, ya mayar. Can ya ce, "La, ai akwatin ake fara tayarwa." Ya kunna akwatin shi kaɗai. Faifan suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, da wani gunji siriri kamar ƙudan zuma a cikin kogon itace, ƙananan fitilu kore suna kamawa a jere. Ina gaya wa Kaka duk wadda ta kama. Sai da suka daidaita sannan ya kunna serfa.

Wani rubutu ya fito a allon. Kawu ya janye hannunsa daga madannai ya ɗora a cinya. Ya ce katin ya ga faifan, amma bai san su ba, yana tambaya ko ya karɓe su yadda suke ko ya share ya fara sabo. Kuskure ɗaya, komai ya tafi. Ya karanta, ya sake karantawa, yana bin rubutun da yatsa.

"Yi bisimilla, Auta," in ji Kaka.

Ya yi, ya danna.

Mun wuce bukukuwan mutanen da ba mu sani ba kafin mu kai ga namu. Sai ga tsakar gidanmu, rakubar tana sabuwa. Ga wani dattijo siriri da farar jallabiya, yana zaune a tabarma, yana miƙa wa baƙi dabino. Na matsa kusa da kunnen Kaka ina gaya mata: hularsa ta karkace, yana da tabo a goshi, yana murmushi. Sai ya ɗago ya kalle mu, ya ce, "Kai yaro, aje abin ga ka zo ka ci abinci."

Iyakar maganarsa ke nan. Kaka ba ta yi kuka ba. Leɓenta kawai na ga yana motsi. Ta ce a mayar, Kawu ya mayar, ya sake mayarwa. A karo na gaba ta ɗaga yatsa, don bayan maganar tasa akwai wata mace da ba a gani, ta fashe da dariya mai ƙarfi har da tafi.

"Wace ce wagga mai dariya haka gaban maza?"

Kawu ya dube ni, na dube shi.

"Ke ce, Inna," ya ce.

Ta sauke yatsan. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariyar ta kuɓuce mata, ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na bin kumatunta. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba sai ranar.

Kaka ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Mu ma da fitina ta tashi a ƙasar, zaman ya gagara, dangi suka watse, kowa da garin da ya samu mafaka. Kawu bai iya ɗauko akwatin ba, amma tun kafin nan ya kwafe bidiyon ya tura wa kowa a waya. Yanzu abin da muka jira damina guda muna nema yana aljihuna, yatsa ɗaya ya isa ya buɗe shi.

'Yata Larabci, harshen garin da muke zaune, ya fi zama a bakinta. Kwanakin baya na nuna mata, ta kalli dattijon, ta tambaye ni da Larabci me yake cewa. Na fassara mata. Ta karɓi wayar ta mayar da kanta, tana bin bakinsa. Da yamma na idar da girki, ban kai ga kiran kowa ba, na ji ta a ƙofa tana ƙwala wa ƙaninta kira da Hausa, da irin lafazin mutanen da: "Kai yaro, aje abin ga ka zo ka ci abinci."