Maganin da Baba Gaji Ya Yi Rabo da Shi

Ko yau aka tashe ni daga barci, ban manta da ranar da aka kawo mana Baba Gaji ba. Lokacin ba a yanke Jigawa daga Kano ba, ni kuwa ina atanda, mai hidimar marasa lafiya, a ɗakin maza a asibitinmu na Haɗeja. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa mayar mini da aiki ba.

Masunci ne daga wajen Baturiya, yana ganin jini in ya zaga. Likita ya samar masa rana a Kano, a leƙa hanjinsa da na'ura mai fitila. Sharaɗin shi ne hanji ya fita tas. In da saura, sai a koro shi, ga damina ta kusa yanke hanyar garinsu.

Ƙa'idar ita ce, ana gobe tafiya ba tuwo ba kifi, sai ruwa da shayi ba madara. A dama maganin wankin ciki a jug, daidai awon da likita ya yi wa mutum ɗaya, ya riƙa sha kofi-kofi har bayan gidansa ya koma ruwa garai.

Sista Rahila, mutuniyar kudancin Kaduna, ta dama maganin da hantsi, na kai masa, muka ga ya fara. Bayan azahar na tarar da jug wayam, Baba Gaji na zaune daram yana jan carbi.

Na ce, "Baba, ciki ya motsa?"

Ya ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Ko gezau."

Sai na hango ƙannensa biyu da amininsa da suka rako shi sun yi layi a ƙofar bayi, kowa da buta, ana rige-rige.

Sista ta ce, "Baba, me ka yi da maganin?"

Ya ce, "Mutum ya baro kominsa ya rako ni, in sha abu yana kallon bakina? Ba a haife ni a haka ba."

Aminin ya ɗago murya daga layi: "Gaji, da ka yi rowar nan da na gode maka."

Sista ta sanar da likita, ya duba Baba, ya sake auna masa wani maganin. Amma na san in aka ajiye jug haka, rabo zai sake yi. Na dafo shayi, na danƙa wa kowane ɗan rakiya kofi, sannan na miƙa wa Baba nasa kofin maganin. Ya duba hannun kowa, ya yi bisimilla. Kafin magariba shi ke roƙon a ba shi buta.

A Kano aka ga hanji sarai, aka gano ciwon, aka yi masa magani.

Ku yaran yanzu, likita yana auna magani ne da cikin mutum ɗaya, mutanenmu kuwa ba sa zuwa su kaɗai. Kafin ku ba dattijo nasa, ku sa wani abu a hannun baƙinsa.